Buhun da Baba ya ɗaure

Tun ranar da aka ji cewa tsutsa nake kiwo, ban sake zuwa bakin famfo na dawo da raina fari ba. Mata na can na kiwon awaki da zabi, ita kuwa Hamdiya ta Malam Hayatu, da karatun lakol ɗinta da komai, wai tsutsa ta samu. Har wata ta tambaye ni ko da babbar Sallah zan yanka mata guda. Na ce ta aiko da kwano.

Ban ga laifinsu ƙwarai ba, don ni ma ranar da Malam Garzali, malamin gona na Gazawa, ya fara yi mana bayani, dariya na yi har da riƙe ciki. Amma kowa ya ga abin da murzuna ta yi mana bara. Murzuna ita ce tsutsar nan da ke shiga zangarniyar hatsi tun tana bununi, ta bi ta tana ci tana zagayawa. Daga nesa ka ga zangarniya doguwa gwanin sha'awa, ka kama ka murza, ƙaiƙayi ya zubo maka a hannu. Gonar da ta saba ba Baba, Malam Hayatu, dami sittin, ashirin da ɗaya muka ɗaure. Tun kafin azumi rumbunan rabin garin suka ƙare.

Maganinta, in ji Malam Garzali, wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike, ko sauro ya fi shi girma. Aikinsa ke nan ya nemi tsutsa ya harbe ta, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta, su tashi su nemi wata. Mu muka sa mashi suna mayaƙi. Sai dai ba a sakin mayaƙi haka nan cikin iska. Ana ɗinka ƴar jaka ta algarara kamar tafin hannu, a zuba hatsi kaɗan, a sa tsutsar hatsin ajiya ashirin da biyar, a sa mayaƙa mata biyu, a ɗaure, a rataye a bakin gonaki. Bayan sati guda ƴaƴansu su fara fitowa ta ƙofofin saƙar su bazu cikin gona. Jaka goma sha biyar ta ishi gari kamar namu. Sharaɗin guda ne, a rataye su daidai lokacin da hatsi ya fara fidda kai. In aka makara, murzuna ta riga ta ci ta ƙoshi.

To, tsutsar da ake sawa cikin jakar ita muke kiwo, ni da Asta shugabar ƙungiyarmu ta mata. Bokiti shida na ɓarzajjen hatsi, da ƙwan da Malam Garzali ya kawo mana cikin ƴar takarda, kowane bokiti an ɗaure bakinsa da ƙyalle. Sai ta yi fiye da wata guda kafin ta isa aiki, kuma tana son wuri mai duhu da sanyi inda kaji ba su shiga. Gidan mijina ɗaki biyu ne da yara huɗu. Gidan Asta kuwa awaki ke kwana a tsakar gida. Shi ne na tuna da ɗakin Baba.

Baba ya rasu bara bayan kaka, ɗakinsa na nan rufe. Inna kuma ta tafi Agye, matar yayana Ilyasu ta haihu, za ta zauna mata har arba'in. Na kira ta a salula na ce, "Inna, za mu aje kayan ƙungiya a ɗakin Baba."

"Wane irin kaya?"

"Hatsi ne."

Ban yi ƙarya ba. Amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba, kuma ina da dalili. Wanda bai san Inna Baturiya ba sai ya ga kamar na cika tsoro. Matar nan in ta ga ƙwaro guda cikin tiyar hatsi, ranar babu mai zama a gidan. Shekara arba'in tana aure, ba a taɓa cin tuwo mai tsakuwa a hannunta ba. Amare ake kawo mata ta koya masu bakace. In ana faɗa tsakanin mata, babban zagi shi ne a ce hatsinki ya yi tsutsa kina zaune, kuma rabin masu wannan zagin a bakin Inna suka koye shi. Ita zan ce ma na cika ɗakin mijinta da tsutsa da gangan? Na ce a raina kafin ta dawo mun gama, na share ɗaki, ba ta ji ba ba ta gani ba.

Tsutsa ta yi kyau, masha Allah. Kullum da safe in buɗe bokiti in ga hatsin ya haɗe dunƙule-dunƙule da yana, in fasa guda in gan su farare ƙosassu. Wallahi har magana nake masu.

Ranar wata Talata Malam Garzali ya zo ya zagaya gonaki, ya tsaya a gonar Baba inda itatuwan turaren da Baba ya dasa suka yi layi a gefen gabas. Ya lanƙwaso kara ya duba, ya ce, "Hatsi ya fara fidda kai. Ki biyo ni Gazawa yau ki karɓi mayaƙa. Juma'a ce iyakarku, kar ku wuce ta."

Na bi shi. Ya ba ni kwalba an rufe bakinta da ƙyalle, mayaƙa na yawo a ciki, da ɗan kaɗa, wato auduga, jiƙe da zuma don su lasa. Na hau kabu-kabu na rungume kwalbar a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai na yi ma mai babur faɗa. Da la'asar na sauka ƙofar gidanmu ina ta murna.

Tun daga zaure na ji ƙamshin ganyen bedi, wato dogon yaro. Ina shiga na ga tabarmi uku shimfiɗe a tsakar gida, hatsi baje a kansu fes, an bi shi da ganyen bedi. Bokitanmu shida an wanke an kife a jikin katanga. Kajin gidan kuwa suna kwance gindin turmi, maƙoƙonsu ya cika har ba su iya tafiya. Ga Inna zaune kan kujera ƴar tsugune da faifai a cinya, tana ɗaure bakin zane. Ashe arba'in ta cika tun jiya, ni ce na ɓata lissafi.

"Ke Hamdiya," ta ce, ko gaisuwa ba ta jira ba. "Haka na koya maki? Hatsin mutane, amanar ƙungiya, ki bar shi ya zama wannan ƙazanta? Allah ya so ni na fara gani. Tun hantsi nake kansa, sau uku na tankaɗe shi. Ko guda ban bari ba, kuma ba wanda zai ji a bakina."

Ko guda ba ta bari ba. Na san hannun Inna, in ta ce ko guda, to ko guda ne. Duk da haka na durƙusa na tona hatsin nan da yatsu kamar mahaukaciya. Babu.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na ɗaga ma Inna murya, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce wa ya sa ta? Na ce kwana talatin da biyar ina renon abin nan, ta zo yini guda ta ba kaji. Na ce abincin gari guda ne kajinta suka cinye, in murzuna ta sake cinye hatsin bana, ta san inda za ta kai tsabtarta. Ina faɗa ina kuka, kwalbar na hannuna.

Inna ta bari na gama. Ta ce, "Kin ce mani hatsi ne."

Na juya na fita.

A waje na kira Malam Garzali. Ya yi salati. Ya ce tasa tsutsar ya gama raba ta ga garuruwa, malaman gona na Maradi ma sun rabar da tasu, in aka sa sabon ƙwai yau sai bayan wata guda, lokacin ana shirin girbi. Mayaƙan kwalba kuma ba za su jira ba. Sannan ya ce, "Hanya guda ta rage. Wannan tsutsar ba daga Turai aka kawo ta ba, ita ce dai mai shiga tsohon hatsi a ɗaka. Ku bi gida-gida. Duk mai hatsin da ya haɗe da yana, ku karɓo."

Namiji ke nan. Shi a ganinsa abu ne mai sauƙi.

Ranar Laraba ni da Asta muka ɗauki ƙwarya muka shiga gari. Ka yi sallama, a amsa da fara'a, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo ruwa. Kana cewa, "Ko kuna da tsohon hatsi da ya yi tsutsa?" sai fuska ta canja. Wata ta ce mu duba gidan gaba. Ta gidan gaba ta ce wa ya aiko mu wurinta, ta faɗi sunan maƙwabciyar, ta ce dama ta san ita ce ke yawo da ita a gari. Gwaggo Tala kuwa tashi ta yi ta naɗe tabarmar muna kai. "Ni? Ni za ku zo ma da wannan? Ku je ku tambayi uwarki Baturiya in ta taɓa ganin ƙwaro a ɗakina!"

Asta ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ta ce ba zagi ba ne, taimako ne, wadda ta ba mu ta ceci gari. Ta ce za mu musanya da hatsi mai kyau, tiya da tiya. A banza. Na rantse akwai gidan da muna tsaye ƙwaron da ke haifar tsutsar, mai fiffike ruwan toka, ya fito daga ɗaki ya sauka a kafaɗar matar gidan. Ta kaɗe shi tana kallon idona ta ce daga waje ya shigo.

Gida talatin da wani abu muka shiga. A ƙarshe wurin mai injin niƙa muka je, muka kankare lungunan injinsa da tsinke, shi yana ta dariya. Tsutsa arba'in da ɗaya muka samu, wasu ma ƙanana. Muna neman ɗari uku da saba'in da biyar.

Da muka rabu Asta ta ce, "Mu yi jaka biyu, Allah ya sa albarka." Na ce to. Jaka biyu a gonakin gari guda, ni da ita duk mun san ba komai ba ne. Na koma gida na duba kwalba, mayaƙa biyu sun mutu a ƙasa. Na ƙara masu zuma, na zauna ina kallonsu, raina a jagule. Haushin Inna nake ji, haushin kaina ya fi.

Alhamis da safe na je ɗauko bokitanmu. Na gaida Inna daga bakin ƙofa, gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Har na haɗa bokitan na ɗora a kai, sai ta ce, "Aje. Shigo."

Na shiga ɗakinta. Ta saki labule, ta leƙa tsakar gida kamar wani na bin ta, ta dawo.

"Jiya Tala ta zo ta ba ni labarin yawonku. Ta ce kin ce in ba a samu ba gobe, hatsin bana ya tafi. Gaskiya ne, ko faɗa ne irin naki?"

"Gaskiya ne, Inna."

"Kuma lalle irin wadda na ba kaji kuke nema? Mai haɗa hatsi?"

"Ita."

Sannan ta durƙusa gefen gado, ta fara fiddo kwanoni da tasoshin da ta jera a ƙarƙashi, ɗaya bayan ɗaya. Daga can ƙurya ta jawo wani buhun algarara, rabinsa cike, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Tana yaye bargon ƙwari masu fiffike suka tashi fuu, suka cika ɗakin.

Na buɗe baki na kasa rufewa. A ɗakin Inna Baturiya, ƙarƙashin gadonta!

"Rufe bakinki," ta ce. "Na san da su. Wata takwas ina jin motsinsu."

"Inna, mi ya hana ki shanya shi?"

Ta nuna mani bakin buhun. Sai a lokacin na lura da ɗaurin. Igiyar kaba ce, an zagaya sau uku an soke bakin ta ƙasa an fiddo shi gefe. Mutum guda ne a garin nan ke irin wannan ɗauri. Da shi yake ɗaure dami, da shi yake ɗaure akuya, da shi ya ɗaure mani akwati ranar da za a kai ni gidan miji.

"Cikin ashirin da ɗayan nan na bara ne," in ji Inna. "Shi ya zaɓi masu kyau ya sa aka sussuka, ya sa aka ɓarza, wai na kununsa ne, tunda ba ya iya cin tuwo. Ya auna da kansa, ya ɗaure, yana zaune nan inda kike. Ya ce a fara shan na tukunya, in ya ƙare shi zai kwance wannan. Na tukunyar bai ƙare ba." Ta shafa igiyar da ɗan yatsa. "Sau nawa ina jawo shi da niyyar shanyawa. In na kai hannu sai in kasa. In na kwance, wa zai sake ɗaure mani irinsa?"

Duk faɗan da na zo da shi ya bi iska. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mani abin da na faɗa shekaranjiya."

"Ke ma kin yi, ni ma na yi. Tashi ki ɗauko wuƙa, rana na yi." Na ɗauko, na kai hannu wajen igiyar. Ta buge mani hannu. "Ba nan ba! Ta gindi za ki yanka."

Na kwantar da buhun kan tabarma na farke shi ta gindi. Hatsin bai zubo ba, fitowa ya yi a dunƙule. Na fasa dunƙule guda. Ga su nan, farare, ƙosassu, sun fi namu na bokiti. Na fasa wani, ga wasu. Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Inna ta ce in rufa mata asiri in yi shiru, maƙwabta na ji.

Na aika aka kira Asta. Da ta shigo ta ga abin da ke kan tabarma, ta dubi Inna, ta dube ni, Allah ya yi mata albarka ba ta ce uffan ba, ta zauna ta miƙe ƙafa. Muka fara tsinta. Mu muna bi da tsinke a hankali, sai Inna ta yi tsaki ta ce mu matsa, haka za mu kai Asabar. Ta ɗauko faifanta. Hannun nan da ya kashe mana bokiti shida shi ya shiga aiki. Ta murje dunƙulen a hankali, ta kaɗa faifai sau biyu, hatsi ya koma gefe, tsutsa ta taru a tsakiya ba wadda ta ji ciwo. Tana yi tana yamutsa fuska tana cewa a'uzubillahi, wai yau ita ce ke lallashin tsutsa. Kajin suka taru bakin ƙofa, ta jefe su da takalmi.

Kafin azahar mun cika ɗari uku da saba'in da biyar, ga saura da yawa. Asta ta ɗaga hannu ta yi hamdala da ƙarfi. Ni kuwa na jingina da bango ina dariya hawaye na zuba. Tun Talata sai a lokacin na ji yunwa.

Muka zuba ashirin da biyar-biyar a jaka, muka sa mayaƙa bibbiyu. Juma'a da sassafe Malam Garzali ya zo da babur ɗinsa aka bi gonaki. Uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa, uku a tsakiya. Na gabas a jikin turaren Baba muka rataye su, ƙarƙashin rabin jarka don kar ruwan sama ya jiƙa su. Malam Garzali ya matsa jaka guda a hankali ya ce, "Kai, wannan tsutsa ta samu kiwo. A wane gida kuka samo?"

Asta ta ce, "Allah ne ya kawo." Har yau iyakar abin da garin ya sani ke nan.

Kwana goma sha biyu bayan nan na je gonar Baba na tsaga wata zangarniya da na ga alamar ci a jikinta. Murzuna na ciki, amma ta yi baƙi ta shanye, ga ƴan fararen kwasfa na ƴaƴan mayaƙi manne kusa da ita. Na duba ta biyu, haka. Na zauna gindin turare na yi ajiyar zuciya, na daɗe ban tashi ba.

Ba zan ce murzuna ba ta taɓa komai ba, ta ɗan ci. Amma da kaka dami hamsin da huɗu muka ɗaure a gonar Baba, kuma a garin babu wanda ya yi kuka. Matar da ta ce in yanka mata tsutsa da Sallah, ita ta fara zuwa tambaya ko ana shiga ƙungiya.

Ranar da aka kawo dammanmu gida, Inna ta zare zangarniya guda ta murza a tafin hannu, ta hura, ta ga tsaba ce zalla. Da aka sussuka na farko, ta auni tiya biyar ta sa aka ɓarza, ta zuba a bokitanmu da hannunta, ta kai ɗakin Baba. Na bi ta da ƙyallen rufewa. A jikin ƙusar da Baba ke rataye hularsa na ga wuyan buhun nan, ta yanke shi ta rataye, igiyar kabar na nan yadda ya ɗaure ta.

Inna ta ja ƙofar ta kulle, ta miƙo mani makullin.

"Riƙe a wurinki," ta ce. "In yana hannuna, na san halina, sai na shanya shi."